Cutar Crohn da kasuwar kwalabe: abin da ya sa "na sha na warke" ba ta isa hujja ba

Akwai wata magana da ke yawo a zaurukan WhatsApp na masu fama da ciwon hanji, ana kuma jin ta a bakin masu tallar magani daga Wuse har Mararaba: "Wallahi na sha, na warke." Yawancin masu faɗinta ba ƙarya suke yi ba. Sun sha ɗin, gudawa ta tsaya, ciki ya daina murɗa, har sun ɗan murmure. Sai dai a cutar Crohn irin wannan shaida ba ta tabbatar da komai, ko da mai bayar da ita ya fi kowa gaskiya. Dalilin yana cikin halin cutar kanta.

An sa mata sunan Burrill Crohn, likitan da shi da abokan aikinsa biyu, Leon Ginzburg da Gordon Oppenheimer, suka yi bayaninta a rubuce a 1932 a asibitin Mount Sinai da ke Amurka. Kumburi ne mai daɗewa a hanyar abinci. Garkuwar jiki ce ke rikicewa ta dinga faɗa da ƙwayoyin da ke zaune lafiya a cikin hanji, faɗan kuma ya ƙare a kan bangon hanjin. Tana iya kama ko'ina tun daga baki har dubura, amma ta fi zama a ƙarshen ƙaramin hanji, ta gefen dama na mara, inda yake haɗuwa da babban hanji. Ba a jere take ci ba: nan gyambo, gaba kaɗan lafiya lau, can kuma wani gyambon. Tana ratsa kaurin bangon hanjin gaba ɗaya, shi ya sa idan aka daɗe tabo kan tsuke hanya abinci ya kasa wucewa, ko kuma ta huda ta ɓulla mafitsara ko gefen dubura, wurin ya dinga yoyon mugunya. Tana da 'yar'uwa, kolaitis mai gyambo, wadda ita babban hanji kaɗai take kamawa. Gado yana da hannu a ciki, shan taba yana ƙara mata ƙarfi, ba a ɗaukarta daga wani, kuma ta fi fara bayyana daga shekara 15 zuwa 35.

Abin da ya fi shafar maganarmu shi ne tana tashi tana kwanciya. Mutum zai yi watanni a jigace, sai ta lafa, wani lokaci ba tare da an yi komai ba. To yaushe ne mutum ke neman sabon magani? Ranar da abin ya kai masa maƙura. Daga maƙura kuwa galibi sauƙi ne ke biyo baya, kuma duk abin da ke hannunsa a lokacin shi zai kwashi yabo. Masu bincike sun ga haka da idonsu: a gwaje-gwajen magungunan Crohn, kusan mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda aka ba ƙwayar holoƙo, wadda babu magani ko kaɗan a cikinta, kan sami lafawar ciwon.

Dalili na biyu ya fi wannan haɗari. Jin sauƙi daban, warkewar hanji daban. Ana samun wanda ke cin abincinsa yana zuwa aiki, amma in aka leƙa hanjinsa a ga gyambo na nan yana ci kamar wutar ƙaiƙayi, sama lami lafiya, ƙasa ɓarna. Ranar da zai sani ita ce ranar da hanyar ta toshe. A ƙididdigar da aka yi kafin sababbin magunguna su yaɗu, kusan rabin masu cutar kan kai ga tiyata cikin shekara 10 da gano ta. Saboda haka likitocin hanji a yau ba sa tsayawa a "yaya jiki?", suna son ganin bangon hanjin ya warke.

A ƙasarmu ma kafin a kai ga sunan cutar an sha wuya. Saurayi ko budurwa na ramewa, ga gudawa, ga zazzaɓin dare, sai a ce taifot ne, a sha magani, ya dawo, a sake cewa taifot. Daga nan a koma ulsa, a koma basir, a koma atini. In rama ta yi yawa a fara kallonsa da zargin ƙanjamau, a gida kuma a ce sammu aka ba shi a abinci. Amma akwai cuta guda da dole a tsaya a kanta: tibin hanji. Ƙwayar tarin fuka tana kama hanji, kuma daidai wurin da Crohn ta fi so nan ita ma take zama, da alamomi kusan iri ɗaya, har a na'ura takan rikita ƙwararru. Najeriya kuwa tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tibi a duniya. Bambancin ba ƙarami ba ne. Tibi ana warkewa da maganin wata shida, kyauta a cibiyoyin gwamnati. Maganin Crohn kuwa danne garkuwar jiki yake yi, in aka ba mai tibi sai ƙwayar ta bazu. Shi ya sa za ka ga likita ya fara ba da maganin tibi na wata biyu ko uku, ya sake dubawa, kafin ya yanke hukunci. Duk wanda ba a leƙa hanjinsa da na'urar kolonoskofi an yanko ɗan nama an kai ɗakin gwaji ba, bai kamata ya ɗora wa kansa sunan Crohn daga abin da ya karanta a waya ba, balle ya fara sayen maganinta.

Ina da ɗan yaya, saurayi, yana zaune a Mararaba yana aiki a cikin garin Abuja, an tabbatar masa da cutar. Ba ya karyawa sai ya isa ofis, don ya san abin da cunkoson Nyanya ke nufi ga wanda cikinsa ba ya jira. Duk gidan mai da masallacin da ke da banɗaki a hanyar har AYA ya haddace su. In ciwon ya tashi, riƙe alwala daga azahar zuwa la'asar ma aiki ne. Da na je duba shi na tarar da teburin ɗakinsa cike: man kifi, kafson kurkum, wani gari a ƙullin leda ba suna, jarkar tsimi daga kakarsa, da wata kwalba mai tsada da abokin aikinsa ke sayarwa. Ya ce da ni, "Kawu, kowa ya kawo nasa sai ya tsaya in sha a gabansa. In na ƙi a ce ba na son lafiya." Mahaifiyarsa kuma ta ce, "Ai shi likitan da bakinsa ya ce ba a warkewa. To mu zuba ido?"

Wannan kalma ta "ba a warkewa" ita ce ke buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Abin da likita ke nufi shi ne babu maganin da za a sha sau ɗaya a rabu, kamar dai ciwon suga da hawan jini. Amma ana kwantar da ita shekaru, mutum ya yi aure, ya haihu, ya yi aikinsa. Kuma ban ga laifin wanda ya waiwaya wani wuri ba, domin hanyar asibitin akwai ƙaya. Firednisolon yana da araha, yana aiki da sauri, amma na kashe tashin ciwo ne na ɗan lokaci. In aka zarce da shi fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni. Azatiyofirin sai ya yi wata biyu zuwa uku kafin a ga aikinsa, kuma sai ana gwajin jini a kai a kai. Manyan alluran da suka sauya labarin cutar, irin su infiliksimab da aka amince da shi a Amurka a 1998, da adalimumab da ya biyo baya, daga waje ake kawo su, da dala, sai an ajiye a firij, kuma tun faɗuwar naira a 2023 kuɗinsu ya ƙara yi wa mai albashi nisa. A gefe guda kuma ga mai kwalba, yana da lokacin sauraronka, yana magana da yaƙini, yana cewa ba sinadari a ciki.

Kayan kwalban nan ba duka ɗaya ba ne, kuma kuskure ne a yi musu kuɗin goro. Akwai waɗanda cike giɓi suke yi, giɓin da aka auna aka gani. Hanjin da ke zubar jini kaɗan-kaɗan yana jawo ƙarancin sinadarin ƙarfe, wani lokaci ma ƙwaya ba ta wadatarwa sai ta jijiya. Bitamin B12 a ƙarshen ƙaramin hanji jiki ke tsotsarsa, wato daidai inda cutar ke zama, don haka wanda wurin ya lalace ko aka yanke masa shi yakan buƙaci allura, in ba haka ba ƙafafu su fara dindiris, jini ya yi ƙasa. Haka bitamin D da kalsiyam ga mai shan firednisolon. Waɗannan suna cikin jinya, likita ne ma zai rubuta su. Abinci kansa yakan zama magani: a Turai, yaron da cutar ta tasar masa akan ɗora shi kan wani abincin ruwa na musamman shi kaɗai tsawon mako 6 zuwa 8, kuma yana kwantar da kumburin. Wannan an gwada an tabbatar.

Sai kashi na biyu, waɗanda ake cewa suna kashe cutar kanta. Tarihinsu ya kamata kowane majinyaci ya sani, don labari ɗaya ne ke maimaita kansa.

A 1996 wasu likitoci a Italiya suka gwada kafson man kifi a kan mutum 78. Bayan shekara guda, ciwon ya dawo wa kashi 28 cikin 100 na masu shan man, a ɓangaren masu shan holoƙo kuwa kashi 69. Duniya ta ɗauka, aka ce an samu. Sai aka sake gwajin da mutum sama da 700 a Kanada, Turai, Isra'ila da Amurka, aka fitar da sakamako a 2008: babu wani bambancin kirki tsakanin man kifi da holoƙo. Har yau ana sayar da shi da hujjar 1996.

Na ƙwan tsutsa ya fi ban mamaki. An lura cutar ta fi yawa a ƙasashen da aka kawar da tsutsar ciki, sai aka yi tunanin ko tsutsa na ladabtar da garkuwar jiki. Tunani ne mai ma'ana. A 2005 masu bincike a jihar Iowa ta Amurka suka ba da rahoton sun shayar da mutum 29 ƙwan wata tsutsar alade, 21 suka sami lafawa. Amma kowa a cikinsu ya san abin da yake sha, kuma babu wasu a gefe da za a kwatanta da su. Da aka yi gwajin a rufe da mutum kusan 250, inda majinyaci da likita duk ba su san wa aka ba me ba, sakamakon 2013 ya nuna ƙwan bai fi holoƙo ba.

Kurkum fa, wanda ke kowane kicin? Sinadarin da ke cikinsa ya nuna ɗan amfani a kolaitis idan an haɗa shi da maganin asibiti, kuma daga nan masu talla ke aro hujja su jingina wa Crohn. Amma da aka gwada shi a Faransa a kan mutum 62 da aka yi wa tiyatar Crohn, sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna bai hana ciwon dawowa ba, hasali ma dawowa mai tsanani ta fi yawa a cikin masu shansa, aka dakatar da gwajin. An kuma sami mutanen da kafson kurkum mai ƙarfi, musamman wanda aka haɗa da sinadarin baƙin barkono don jiki ya fi tsotsa, ya taɓa musu hanta. Na cikin miya ba shi ake nufi ba. Ƙaron wani itace na Indiya, ɗan'uwan hanon da muka sani, shi ma an gwada shi shekara guda a Jamus, bai fi holoƙo ba. Kafson ƙwayoyin hanji masu amfani kuwa, ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta ce a 2020 kada a ba mai Crohn sai a cikin bincike.

Gwajin da ya fi fito da abin da nake son a gane shi ne na man wiwi da aka yi a Isra'ila, aka wallafa a 2021. Masu shansa sun ji sauƙi sosai, sun ce rayuwarsu ta gyaru. Da aka leƙa hanjinsu kuma aka auna kumburin, yana nan yadda yake. Da shaidar baki za a bi, da an ce an sami magani.

A nan gida akwai abubuwan da suka fi rashin amfani muni. Na farko sha-ka-fashe. Ramammen majinyaci, musamman budurwa da ake wa maganar aure, shi ake fara kawo wa. Galibi akwai dekzametason a ciki, ɗan'uwan firednisolon ne da ya fi shi ƙarfi. Mai Crohn zai ji sauƙi na gaske, don yana danne kumburi, ga cin abinci, ga kumatu. Amma ba awo, ba wa'adi, kuma wanda ya yi makonni yana sha ya tsaya rana ɗaya jikinsa na iya durƙushewa. In kuwa ashe tibi ce a hanjin, an ba ta fili. A ƙasashe da dama an sha kama haɗin gargajiya da aka zuba wa irin wannan sinadari a ɓoye, don haka duk ƙullin da ya tsayar da komai cikin kwana uku ya kuma kumbura fuska, abin tuhuma ne.

Sai wankin ciki. Hanjin da ke da gyambo ba datti ne ya dame shi ba, a ɗura masa filasko kuwa ƙarin gudawa ne da ƙarewar ruwan jiki. Sai "mai ƙara ƙarfin garkuwa", alhali garkuwar ce ta yi yawan faɗa. Sai haɗin gajiya na kemis, wanda sau da yawa akwai dikulofenak ko ibufurofen a ciki, su kuma suna iya tayar da ciwon da ya kwanta. Har abinci mai kyau ga kowa, kwaɗon zogale da rama, aya, gasasshiyar masara, ga wanda hanjinsa ya tsuke suna iya tsayawa a mashigin.

Lambar NAFDAC ma ana yi mata gurguwar fahimta. Magungunan gargajiya hukumar kan ba su lambar da ke ƙarewa da harafin L, ma'ana an duba lafiyar shansu, ba a tabbatar suna warkar da abin da aka rubuta ba, kuma a jikin kwalbar akan rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. "Daga Amurka aka kawo" ita ma ba hujja ba ce: dokarsu ta 1994 ba ta tilasta wa mai irin waɗannan kaya ya nuna suna aiki kafin ya kai kasuwa ba.

Habbatus-sauda da zuma da man zaitun suna da matsayi a zuciyar Musulmi, kuma ba ni da ja a kan wanda ya sha su da imani yana addu'a. Jan nawa yana kan mai shagon da zai ce a ajiye maganin asibiti tukuna "kada su yi karo". Mafi yawan ɓarnar da kwalba ke yi ba daga abin da ke cikinta ba ne, daga abin da aka bari saboda ita ne. Wasu magungunan ma, irin infiliksimab, in aka yanke aka dawo, jiki kan yi musu tawaye su daina aiki yadda suke yi a da.

Ba kuma cewa nake itatuwanmu ba su da komai ba. A nan Idu, cikin Abuja, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD ta taɓa ɗaukar wani haɗin gargajiya na sikila mai masoro, kanumfari da karan dafi, ta auna shi, ta gwada shi a kan majinyata da holoƙo a gefe, ya fito da sunan Niprisan. Hanyar ke nan. Mai maganin da ya yarda da haɗinsa, ƙofar da ya kamata ya ƙwanƙwasa ke nan, ba lasifika a bakin kasuwa ba.

Wanda duk da haka yake son ya gwada wani abu, kuma na san da yawa za su gwada, to ya yi gwajin da zai iya koyon wani abu daga cikinsa. Ya ɗauki kwalbar ya kai wa likitansa a karanta abin da ke ciki; likitoci su ma su daina tsawa, don majinyacin da aka kunyata ba ya daina sha, daina faɗa yake yi. Kada a taɓa maganin da ake kai. Abu ɗaya a lokaci ɗaya, domin wanda ya haɗa biyar ba zai san wanne ya taimaka ba, wanne ya taɓa hanta. A sami ɗan littafi ana rubuta sau nawa aka zaga, da jini ko babu, ko ciwo ya tashe shi cikin dare, da nauyin jiki duk mako. Sannan a auna. Akwai gwajin bayan gida da ake kira kalfurotektin, yana nuna yawan kumburin hanji ba sai an leƙa ba. A yi shi kafin a fara, a sake bayan wata biyu ko uku, tare da gwajin hanta. In lambar ba ta sauka ba, a ajiye kwalbar komai daɗin da ake ji. Ga 'yan'uwa kuma, in kuɗin ɗaya ne, gara a biya wa majinyaci wannan gwajin ko maganin wata guda da a ƙara masa kwalba a tebur. Ɗan yayata da aka yi masa haka, abin da ya rage a teburinsa maganin asibiti ne, da na ƙarin jini, da zumar kakarsa.

Akwai alamomin da ba a jiran gari ya waye a kansu, ko me ake sha: amai mai yawa, musamman kore, tare da kumburin ciki da ɗaukewar bayan gida da tusa, ciwon ciki mai tsanani da zazzaɓi, ciki ya yi tauri ba ya taɓuwa, jini mai yawa har da jiri, ƙurji mai zafi a gefen dubura, ko ido ya yi rawaya bayan fara sabon haɗi. A tafi sashen gaggawa na babban asibiti inda akwai likitan tiyata, a kuma tafi da duk kwalaben da ƙullin ledar a jaka.